Babi na Biyar: Guangzhou da Jakar Goyo

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Guangzhou hanya ɗaya suke bi. Ɗan kasuwa zai taso daga Kano ko Yamai, ya ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira, ya sauka a filin jirgin sama na Baiyun, dillalinsa ya tarbe shi, ya kai shi otal a unguwar Xiaobei. Da gari ya waye sai kasuwa. Daga kasuwa sai sito, daga sito sai ofishin kago, ranar Juma'a a je masallaci, kaya na shiga kwantena a kama hanyar gida. Akwai wanda ya shekara goma yana wannan safara, ya san farashin kowane yadi a kasuwar Zhongda, amma ka tambaye shi kogin da ya ratsa garin sai ya ce ai ta tagar mota ya hango shi. Ban ga laifinsa ba, wanda ya je da kuɗin mutane ba yawo ya kai shi ba.

Ni ban je da kuɗin kowa ba, nawan ma kaɗan ne. Jakar goyo ce a bayana, a ciki akwai 'yan kayan sawa, da darduma mai naɗewa, da buta ƙarama ta roba, da kuma robar yajin ƙuli wanda daga baya na gode wa wadda ta cusa mini shi. Birnin da na shiga, ƙidayar 2020 ta ce mutanensa sun haura miliyan 18. Abin da ya fi ba ni mamaki a cikinsa bai wuce yadda mai ƙaramin guzuri yake iya ci, ya kwana, ya zagaya ba tare da an wulaƙanta aljihunsa ba. Sai da na kwana biyu a garin na gane dalili.

Kafin nan, bari mu fara da waya, domin ita ce ƙofar farko. Da saukarka za ka tarar WhatsApp ya yi shiru, Facebook ba ya buɗewa, Google da taswirarsa sun zama hoto. Gwamnatin Sin ta toshe su. Wanda ya yi zamanin da aka rufe Twitter a Najeriya a 2021 ya san manhajar VPN, to ita ce mafita a can ma, amma tun daga gida ake ɗora ta, domin in ka shiga ƙasar samunta wahala ne. Sinawa kuwa ba su rasa komai ba. Suna da WeChat, wanda da shi ake hira, da shi ake aika hoton kaya, da shi ake biyan kuɗi. Mai sayar da ayaba a bakin titi ta rataye wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, ka haska shi da waya, kuɗi su fita daga asusunka su shiga nata. Takardar kuɗi ba a hana ta ba, doka ma ta ce a karɓa, sai dai in ka miƙa yuan 100 don sayen ruwan kwalba za ka ga mai kanti ya shiga lalube yana neman canji. Tun daga 2023 WeChat da Alipay suka sauƙaƙa wa baƙi haɗa katin bankin waje. Mai hankali zai gwada nasa kafin ya taso, ya kuma riƙe ƙananan takardu na yuan goma da biyar a aljihu.

Daga Baiyun ba sai ka ɗauki tasi ba. Layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tashi daga cikin filin jirgin, kuma kuɗin da za ka biya har tsakiyar gari bai kai yuan goma ba. A 1997 aka buɗe layin farko a birnin, yau kuwa taswirar layukan ta cika bango. Tafiyar kusa yuan 2 ce. Kowace tasha sai an saka jakarka a na'urar bincike, in kana riƙe da ruwa wani lokacin a gwada shi. Ana sanar da tasha da harshe uku: Mandarin, wanda shi ne na hukuma, da Kantonis, harshen 'yan asalin gari, sannan Turanci. Da safe cunkoson layi na 3 ba a magana. Ba ka tafiya da ƙafarka, jama'a ce ke ɗaukar ka ta shigar, ta kuma fitar da kai. Na koyi sauke jaka daga baya in rungume ta a gaba, in ba haka ba harara za ka sha.

Masauki shi ne wurin da baƙo ke fara sanin cewa shi baƙo ne. Akwai masaukan haɗaka na matasa matafiya, ɗaki ɗaya gadaje masu hawa biyu, kowa da labulensa da akwatin ajiyarsa, banɗaki na kowa da kowa. Kuɗin gado a dare bai kai yuan 100 ba a yawancinsu. Amma dokar ƙasar ta ce duk ɗan ƙasar waje sai an yi rajistar inda ya kwana a wurin 'yan sanda. In otal ne, su za su ɗauki hoton fasfonka su aika. In gidan wani ka sauka, kai da mai gidan za ku je ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Ƙananan masaukai da yawa ba sa son wannan ɗawainiya, sai su gwammace su ce babu wuri. Na taɓa shiga wani, da jaka a baya, gumi na zuba. Yarinyar da ke kan tebur ta ɗago ta dube ni, ta dubi koren fasfon da na ajiye, ta kaɗa hannu biyu alamar a'a, alhali ga makullai rataye a bayanta. Ko baƙar fata ce ta gani, ko takarda take gudu, Allah masani. Abin da na sani shi ne mai neman arha a can dole ya tambaya tun ta waya ko suna karɓar ɗan ƙasar waje, kafin ya ɗauko kaya ya zo.

Abokan ɗakina ba Turawa masu yawon duniya ba ne kamar yadda na zata. Kusan dukansu Sinawa ne. Akwai yaron da ya gama jami'a ya zo neman aiki, kullum da daddare yana goge farar riga ɗaya da ya mallaka. Akwai wani dattijo da ya zo jinyar matarsa a asibiti, kuɗin otal ya fi ƙarfinsa. Hirarmu ta waya ce: ya yi magana a cikinta, ta juya zuwa Turanci, in amsa, ta mayar masa. A nan na fara fahimtar cewa arhar da nake mora ba don ni aka tanade ta ba.

Guangzhou gari ne na 'yan ci-rani. Tun da Deng Xiaoping ya buɗe tattalin arzikin ƙasar a 1978, lardin Guangdong, inda birnin yake, ya zama wurin masana'antu, mutanen karkara daga Hunan da Sichuan da Guangxi da Hubei suka yi ta kwarara. Ƙasar gaba ɗaya tana da irin waɗannan ma'aikata kusan miliyan 300. Kuma akwai wani tsari da ake kira hukou, wanda aka kafa a 1958, da ke ɗaure kowane mutum da garin da aka yi masa rajista. Ɗan ƙauye zai iya shekara ashirin yana ɗinki a Guangzhou amma a takarda shi ɗan ƙauyensu ne, makarantar gwamnati da sauran tallafin birni ba su zo masa da sauƙi ba. Shi ya sa da yawa suke barin 'ya'ya a hannun kakanni, sai lokacin sabuwar shekararsu su koma gida. Miliyoyin mutane masu ƙaramin albashi dole su ci, su kwana, su isa wurin aiki a kan lokaci. Domin su aka yi bas na yuan 2, da kwanon abinci mai araha, da gado na haya. Matafiyi mai jakar goyo a inuwarsu yake fakewa.

In kana son ganin inda suke kwana, ka sauka a unguwar Tianhe, inda dogayen benaye na gilashi suke, ka nemi Shipai. Daga babban titi za ka ga wata ƙofa, ka shiga, nan take rana ta ɓace. Shipai ƙauye ne a da, mai gonaki. Da birni ya faɗaɗa ya haɗiye gonakin, sai manoman suka rage da filayen gidajensu. Suka ga haya ta fi noma, kowa ya ɗaga gidansa hawa shida, hawa bakwai, yana turo ginin sama zuwa kan lungu, har ya zama mai tagar nan zai iya miƙa hannu ya gaisa da mai tagar can. Irin waɗannan ƙauyukan cikin birni sun haura ɗari a Guangzhou. Ka ɗauki lungunan cikin birnin Kano, ka ɗora wa kowane gida hawa bakwai, ka kunna fitila da tsakar rana, to ka kusa. Sama duk wayoyin lantarki ne a harɗe, ruwan na'urar sanyaya ɗaki yana ɗigo maka a ka, ƙasa a jiƙe. Amma kowane taƙi kanti ne. Ga mai aski, ga mai gyaran waya, ga mace tana suya, ga yaro a kan ƙaramin teburi yana aikin makaranta a bakin shagon uwarsa, masu kai abinci a kan babur mai batir suna ratsa mutane da hon. Babur mai mai an hana shi a tsakiyar garin tun 2007, wannan mai batir ɗin kuwa ba ya ƙara, sai dai ka ji iskarsa a gefen kunne. Dubun-dubatar mutane ke kwana a wannan ɗan wuri, kuma da safe su ne za ka gani cikin tsabtatattun kaya suna shiga benayen gilashin nan. Na bi lungunan da dare ni kaɗai, babu wanda ya ce mini kanzil. Kyamarori ne a kowace kusurwa, wannan gaskiya ne, kuma mutum na iya ƙin yadda ake sa wa jama'a ido, amma tsoron ɓarawo bai kama ni ba ko sau ɗaya.

Sai batun ciki, wanda shi ne babban tashin hankalin Bahaushe a Sin. Mutanen Guangdong sun yi suna ko a cikin Sinawa wajen cin duk abin da ke motsi, kuma alade shi ne namansu na yau da kullum. Ko ganye ka ce a dafa maka, mai yiwuwa da kitsen alade aka soya, ko an ɗiga giyar girki. Abin da ya cece ni shagunan taliyar Lanzhou ne, waɗanda babu unguwar da ba ka samun ɗaya. Allonsu yawanci kore ne. Lanzhou babban birnin lardin Gansu ne a arewa maso yamma, amma masu shagunan da yawa Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui daga lardin Qinghai, iyali guda ke riƙe da shago: miji da farar hula, mata da ɗankwali, ƙane ko ɗa a wurin ƙullu.

Wannan na wurin ƙullu shi ne abin kallo. Zai yanko curi, ya mulmula, ya kama baki biyu ya buɗe hannu, ya ninka, ya sake ja, ya buga a kan tebur, ya ninka, ya ja. Kafin ka gama zama curin ya koma siraran zare a tsakanin yatsunsa, ya wurga su cikin tukunya mai tafasa. Minti ɗaya an tsamo, an zuba romon naman sa mai haske, an ɗora 'yan yankan nama sirara har kana ganin haske ta cikinsu, da ganye, da jan man barkono. Kwano cike yuan goma sha wani abu. Naman dai na shaida ne kawai, mai son ya ƙoshi da nama sai ya ƙara kuɗi. Cokali mai yatsu babu, tsinke biyu za a ba ka, kuma yunwa malama ce. Da na yi sallama a karon farko, mai shagon ya tsaya cak, ya amsa, ya dafa ƙirji, ya kira matarsa ta zo ta ga Musulmi baƙi. Bayan sallamar nan ba mu da wata kalma da muka haɗa, amma kullum na shiga sai na ga romona ya fi na maƙwabcina yawa.

Ruwa kuwa da zafinsa suke sha, rani da damina. Tashar jirgi, masauki, ko'ina akwai tukunyar ruwan zafi kyauta, kowa da gorarsa da ganyen shayi a ciki. Na famfo ba a shan sa sai an tafasa. Wanda ya sayi gora ɗaya ya huta da sayen ruwa. Abincin asalin garin, wato dim sum, 'yan ƙananan cure-cure da ake turarawa a kwandon gora a ci da shayi da safe, yawanci da alade ake yi. Amma akwai wani tsohon gidan abinci na Musulmi a titin Zhongshan na shida da ke yin sa da naman sa da kaza. Ya ɗan fi ƙarfin aljihun kullum, sau ɗaya dai ya cancanta. A can za ka ga tsofaffi sun baje jarida sun shafe hantsi, in an zuba wa mutum shayi sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsa ke nan.

Duk yawona ban ƙi Xiaobei ba, kewa ba ta bari. Layi na 5 ke kai ka. Kana fitowa daga tasha ka hau gadar ƙafa, za ka ga ginin Tianxiu, wanda tun shekarun 2000 ya zama matattarar 'yan kasuwar Afirka, hawa-hawa shaguna ne da ofisoshin kago. Ta ɗaya ɓangaren akwai wata hanya da ta bi ƙarƙashin layin dogo ta fitar da kai Dengfeng, inda ƙamshin gasasshen nama da gurasar 'yan Uigur ke tarbar ka. A nan za ka ji Faransanci da Larabci da Bambara da Ibo da Hausa a taƙi goma. Ciniki da kalkuleta ake yi. Basiniya ta danna farashi ta juyo maka, ka girgiza kai ka goge ka danna naka, ta dafa ƙirji kamar ka zage ta, ta sake dannawa. Wasu daga cikinsu sun iya gaisuwa da ƙirga da harsunanmu.

A wani ɗan gidan abinci na hawa sama, inda ake tuƙa tuwon shinkafa, na zauna kusa da wani dattijo mai babbar riga, wayoyi biyu a gabansa. Muka gaisa.

"Malam, me ka zo saye?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Gari na zo gani."

Ya ajiye loma ya dube ni. "Gari? Ka biya kuɗin jirgi tun daga gida don ka ga gari?"

"Haka ne, Alhaji."

"Ikon Allah. To ɗana, ko hula dozin biyu ka saka a jakar nan, ta rage maka hanya."

Kafin in tashi ya riga ya biya kuɗin tuwona, ya kuma ce in riƙa yawo da fasfo a jikina ko banɗaki zan shiga.

Shawararsa ta biyu tana da tushe. Xiaobei ta yau ba ta kai ta da cika ba, haka tsofaffin 'yan kasuwa ke faɗa. Kaya sun yi tsada, naira ta faɗi, Sinawa da kansu sun iso kasuwanninmu da hajarsu, kamar yadda 'yan Kantin Kwari suka daɗe suna kuka, wasu kuma ta waya suke oda ba sai sun zo ba. Sannan hukuma ta matsa a kan biza. A 2014 hukumar birnin ta ce 'yan Afirka mazauna garin kusan 16,000 ne, ƙasa sosai da adadin da ake yayatawa. Dangantakar ta sha yin tsami. A Yulin 2009 'yan Afirka sun yi zanga-zanga a gaban ofishin 'yan sanda bayan wani ɗan Najeriya ya diro daga bene yana gudun masu binciken fasfo. A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da otal-otal, wasu suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin a Abuja ya nuna masa hotunan. Duk mai cewa babu wariya a Guangzhou bai faɗi gaskiya ba. Ni ma na ga kujerar kusa da ni ta zauna babu kowa a jirgi cike. Amma wanda zai ce wariya ce kaɗai a garin shi ma ya rage mudu. Wata tsohuwa ta taɓa barin hanyarta ta raka ni har bakin tashar da nake nema, tana ta yi mini bayani da harshen da ta san ba na ji.

Kiran salla ba ka jin sa a lasifika, waya ce ladaninka. Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, alƙibla kuma yamma take, abin da ke ɗaukar Bahaushe lokaci kafin zuciyarsa ta yarda. Ranar Juma'a yawancin baƙi masallacin Xianxian suke zuwa, kusa da tashar Yuexiu Park a layi na 2. Wuri ne mai itatuwa da tsofaffin kaburbura. Sahu ɗaya za ka ga Bahui da Balarabe da ɗan Pakistan da Basakkwace, har harabar ta cika a shimfiɗa darduma a ƙarƙashin bishiyoyi. A cikin harabar akwai wani ɗaki mai ƙubba da Musulmin Sin suke cewa kabarin Sahabi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah ya ƙara masa yarda, wanda a ruwayarsu shi ya kawo Musulunci ƙasar. Mutanenmu da yawa suna dawowa gida da wannan labari a matsayin tabbas. Littattafan tarihin Musulunci kuwa sun nuna ya rasu ne a Aƙiƙ kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Ni a ganina ba sai an jingina wa Sahabi ba kafin wurin ya yi daraja. Abin da ba a jayayya a kai shi ne fataken Larabawa da Farisa sun zauna a wannan gari tun zamanin daular Tang, sama da shekara dubu da suka wuce, sun yi aure, sun mutu, an binne su a nan. Masallacin Huaisheng da ke titin Guangta, kusa da tashar Ximenkou, yana cikin mafiya tsufa a ƙasar, da hasumiyarsa mulmulalliya mai tsawon kusan mita 36, wadda a da kogi ke kusa da ita. Kada dai cikar sahun Guangzhou ta sa mutum ya yanke hukunci a kan halin Musulmin ƙasar baki ɗaya. Abin da ake yi wa 'yan Uigur a Xinjiang, wanda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a kai a 2022, ba a ganin sa daga nan.

Kallon gari ba ya cin kuɗi in ka san abin da za ka ƙyale. Hasumiyar Kanton (sunan da Turawa ke kiran garin), mai tsawon mita 600, da aka buɗe a 2010 shekarar da birnin ya karɓi wasannin Asiya, kuɗin hawanta ya isa abincin kwanaki. Daga ƙasa ma ana ganin ta, da dare tana sauya launi. Jiragen ruwan yawon dare su ma na masu kuɗi ne. Amma akwai jirgin fito da ma'aikata ke hawa su tsallake kogin Zhujiang, yuan 2, ka tsaya a jikin ƙarfe tare da masu kekuna da kwandunan kifi, ka ga abin da mai tikitin tsada yake gani.

Kusa da mashigar Huangsha akwai tsibirin Shamian, shiga kyauta. Gidaje ne irin na Turai a ƙarƙashin manyan itatuwa, amare da angwaye suna ɗaukar hoto. Tarihin wurin ba mai daɗi ba ne. Daga 1757 sarkin Sin ya taƙaita cinikin Turawa a wannan gari kaɗai. Ingilishi suna son shayi da siliki amma ba su da abin da Sinawa ke so, sai suka koma shigo da ofiyom, kayan maye da ake nomawa a Indiya. A 1839 wani jami'i mai suna Lin Zexu ya ƙwace akwati sama da 20,000 ya lalata a Humen, can bakin kogin. Ingila ta kawo jiragen yaƙi, aka gama a 1842 da yarjejeniyar da ta ba ta Hong Kong. Bayan yaƙin ofiyom na biyu Ingila da Faransa suka raba Shamian, suka sa gadoji da ƙofofi da ake rufewa da dare. Ɗan ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka ba ya buƙatar tafinta a wannan tsibiri. Kuma in ka ga yadda hukumar Sin ke ƙirga kowane baƙo da inda ya kwana, wani ɓangare na dalilin yana nan.

Da sassafe kuma lambun Yuexiu, shi ma kyauta. Tsofaffi ne suka mallake shi. Wasu na motsa jiki a hankali da takobi, wasu na rera waƙa a rukuni, mata sun kunna rediyo suna rawa a jere, wani yana rubutu a kan daɓe da buroshi da ruwa, rana na shanye shi. A watan Maris itatuwan da ke alamta birnin, dangin gurjiyarmu, suna fitar da jajayen furanni, tsofaffin mata na tsince waɗanda suka faɗo su shanya don dafawa.

Mai niyyar irin wannan tafiya ya lura da lokaci. Baje kolin Kanton, wanda ake yi tun 1957, yana zuwa sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma tsakiyar Oktoba, kuma a makonninsa kuɗin masauki ninkawa yake. Lokacin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, 'yan ci-rani sun tafi gida, shagunan araha a rufe, tikitin jirgin ƙasa sai mai rabo. Daga Yuni zuwa Satumba zafi ne mai gumi da ruwan sama da guguwa. Nuwamba da Disamba sun fi. Ka kuma duba bizarka da kyau, domin kwanakin zaman da aka ba ka daban suke da ranar ƙarewarta, daga shigarka ake fara ƙirga. Wanda ya wuce wa'adi tararsa yuan 500 ce a kowace rana har zuwa 10,000, ana kuma iya tsare shi.